Waliyyin Dole a Masallacin Gishiri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi iya ganin ido, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsa don matafiyi ya san darajar kurɓi guda. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku. Ni ne Tunau ɗan Anaruwa, mutumin Kudanda ta bakin gulbi, kuma abin da zan faɗa muku a kaina ya faru.

Na tashi da karatu gwargwado, har mutane suka fara kirana malam. Amma ina da ciwon da ban gaya wa kowa ba. Da zarar na ta da kabbara sai zuciyata ta fice, ta shiga kasuwa, ta zaga gona, ba ta dawowa sai na yi sallama. Wani tsohon madugu ne ya ba ni labarin birnin Takarzam, can bayan hamadar da ake kira Uwar Ƙishi. Ya ce akwai masallaci a can da aka gina da kantun gishiri zalla, limaminsa kuwa Malam Barmo, in ya tsaya salla tsuntsu kan sauka a kafaɗarsa bai sani ba. Ya ƙara da cewa rabonsa da garin tun yana saurayi. Ban kula da wannan ƙarin ba. Na ɗaure kayana, na bi ayari.

Garin farko da muka sauka cikin hamadar sunansa Tamgaza. Da hantsi muka shiga, sai na ji ladan yana kiran salla. Na ɗaga kai na dubi rana, na ce ko wahalar hanya ce ta rikita ni. Na yi alwala a gurguje na shiga sahu. Liman ya ja karatu da murya mai zaƙi, ya tsawaita ruku'u, ya tsawaita sujada. Da muka sallame na waiwaya, sai ga wasu mutane tsaye a bayanmu da takalmansu, kowa riƙe da ɗan madubi yana haska mu.

Na tambayi wanda ke gefena, wani mai jan gemu, na ce, "Ɗan'uwa, wace salla ce muka yi?"

Ya ce, "Ta jirgi ce. Ta Allah sai an jima, in da sauran ƙarfi."

Shi ya fahimtar da ni. Mutanen nan masu yawon buɗe ido ne daga biranen bakin teku. Suna zuwa cikin jiragen katako masu manyan zannuwa, iska na tura su a kan rairayi kamar yadda kwalekwale ke bin ruwa. Madubansu kuwa duk abin da aka haska musu sai surarsa ta zauna a ciki, su tafi da ita gida su nuna wa dangi. Ba su iya jiran lokacin salla, don iska ba ta jiransu, shi ya sa ake kawo musu sallar lokacin da suka iso. Da azahar ta yi na koma masallacin. Daga ni sai wani makaho da awaki biyu da suka shigo neman inuwa.

Gari na biyu Asalik ne, inda kabarin shehin da ya kafa shi yake. Na tarar da ƙubbobi uku a jere, duk iri ɗaya. Na tambayi mai gadi wanne ne na Shehu, ya ce, "Wanne ka fi so? Na tsakiya ya cika da baƙi, shiga na hagu." Na tuɓe takalmana a ƙofa na shiga na yi addu'a, ban san ko da kowa a ƙarƙashin ƙasar ba. Da na fito babu takalma. Can na hango su a hannun wani baƙo, an naɗe su cikin alharini, mai sayarwa yana rantsuwa da su Shehu ya taka duniya. Na ɗaga murya na ce nawa ne. Kafin in rufe baki dillalan wurin sun kewaye ni, sun ja ni bayan ƙubba, suna shawarar rijiyar da za su jefa mai ɓata musu kasuwa.

Na ga ƙarfi ba zai fitar da ni ba, sai na ce, "Ku dakata. Shehun da ya bar takalma, ashe tsirara ya yi yawo? Ga riga, ga rawani, duk sun sha hanya, sun sha gumi. Ku karɓa, ku bar ni in kama ayarina."

Suka dubi juna, suka dubi rigar, babbansu ya shinshina ta ya gyaɗa kai. Suka jefo mini wani tsohon bargon raƙumi na yafa. Haka na bar Asalik, ba riga ba takalmi.

Sauran tafiyar ba zan tsawaita muku ita ba. Tafin ƙafata ya tsattsage, gashina ya cukurkuɗe, na rame har ana ƙirga haƙarƙarina. A wannan kama na isa Takarzam, na ga masallacin da na bar gida dominsa. Daga nesa fari ne fat, sai ka ce an gutsuro wata an ajiye a ƙasa, in iska ta ratsa ƙofofinsa kuma yana wani amo kamar nishin mai barci. Da na matso sai na ga abin da nesa ta ɓoye. Ginshiƙansa duk an ƙwaƙule su daidai inda hannun mutum ke kaiwa, sun sirance kamar ƙugun zanzaro, domin kowane baƙo sai ya ɓantari gishiri ya tafi da shi tsaraba.

A bakin ƙofa wani mutum ya tarbe ni, mai faffaɗar fuska da daɗin baki, sanye da riga mai aiki. Shi ne Cindo, Sarkin Baƙin garin. Ya ba ni ruwa mai sanyi, yana kallon ƙafafuna da gemuna kamar mai tayin bijimi a kasuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam Barmo nake nema."

Ya ce, "Allah ya kawo ka a kan gaɓa. Zo in sa ka kusa da shi, kusa ƙwarai."

Ya bi da ni ta gefen masallacin zuwa wasu ƙananan ɗakuna biyu na halwa, manne da juna, kowanne da 'yar taga. Ya ce in shiga na farkon in huta. Ina sa ƙafa na ji an ja ƙofa, an sa sakata.

Ya leƙo ta taga ya yi mini bayani a natse, kamar mai ba wa ɗan'uwa shawara. Waliyyin da ke zaune a ɗakin ya rasu, baƙi kuwa sun saba ganin biyu: liman tsoho da waliyyi mai shiru. Ya ce, "Aikinka ba wuya. Ka zauna, ka ja carbi, kada ka ce uffan. Ran da ka yi magana zan buɗe maka ƙofa, amma ta hamada, kuma ba salkar ruwa."

Na daki ƙofar har hannuna ya kumbura. Na roƙe shi, na zage shi, na haɗa shi da Allah. Ya saurara duka, ya ce in adana ƙarfina, jirgi na hanya.

Ɗakin bai fi kabari da yawa ba. Bango gishiri, ƙasa gishiri, iskar da nake shaƙa gishiri, har leɓɓana suka farfashe. Kowace safiya baƙi kan yi layi a taga. Wasu su miƙo hannu su shafa gashina, wasu su jefo 'yan kyaututtuka, wasu su yi ta motsa fuska ko zan yi dariya. Wani tafinta na tsaye yana ba su labarin yadda na sauko daga kan dutse bayan shekaru ina cin iska. Abincina wata dattijuwa ce ke kawowa, Kuluwa mai sayar da ruwa, wadda mijinta ya ɓace a hamada. An umarce ta kada ta ba ni abin da zai sa in yi ƙiba, amma takan ɓoye cuku a ƙarƙashin dabino, ta ce a hankali, "Ci da sauri, bawan Allah."

Abin da ya fi kulle ƙofar ciwo shi ne abin da na kama kaina ina yi. Wata safiya ina nafila, na ji an ɗaga madubai, sai na ga na tsawaita sujada, na gyara zaman bargona don ya yi kyau a ido. Zuciyar da a da take tafiya kasuwa, yanzu taga take tafiya, tana kallona tare da su.

Ruwan alwalata a kusurwa ɗaya nake zubarwa. A hankali gishirin wurin ya narke, har rami ya ɓulle zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka da ni. Ran nan da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar baƙi zuwa masaukinsu, na ji tari ta ramin, sannan wata murya mai rauni ta yi mini sallama.

Na kwanta rub da ciki na sa bakina a ramin. "Allah ya gafarta Malam, kai ne Malam Barmo?"

"Ni ne, ɗana. Na ji kukanka tun ranar farko. Ban san me zan ce maka ba."

Na ba shi labarina duka, da ciwon da ya fito da ni daga gida. Na ce mu haɗa dabara mu gudu. Ya ce, "Tawa ƙofar ba a kulle take ba. Tun da mutanen bakin teku suka koyi dafa gishiri daga ruwansu, ayari ya daina zuwa sayen namu. Baƙin nan su ne hatsin garin. In na fita, jirage za su daina tsayawa. Kana jin yaran can da ke wasa a farfajiya? Su ne sakatata."

Na ce, "To natsuwar da aka ba ni labari fa, Malam?"

Ya ce, "Idanu sun cinye mafi yawanta. Sallar safe ban san ko tawa ce ko tasu ba. Amma azahar ba mai saye, zafi ya yi musu yawa. In kana so, ka bi ni ta wannan rami."

Tun daga ranar, in inuwa ta karkata sai ya ƙwanƙwasa bango, in tashi in bi shi. Ba na ganinsa, kabbararsa kawai nake ji tana fitowa ta ƙasa, a dishe, a hankali. A cikin wannan ƙunci na fara yin raka'a guda cur zuciyata ba ta je ko'ina ba. Bayan salla yakan karantar da ni abin da ya sawwaƙa, har mu ji takun baƙi.

Ana nan sai rufin masallacin ya fara tsagewa. Wata rana wani ƙaton kantu ya faɗo a farfajiya, kaɗan ya rage ya danne wata yarinya. Kashegari, taga cike da mutane, na hango wani baƙo ya sa wuƙa yana ƙwaƙular ginshiƙin da ya fi kowanne sirancewa. Na manta da gargaɗin Cindo. Na ce, "Kai mai wuƙa, mayar da abin da ka ɗiba. Wanda ke son alheri daga wannan ɗaki ya kawo masa gishiri, kada ya rage masa."

Tafinta ya juya musu maganar, ya ƙara mata mai da yaji. Mai wuƙa ya durƙusa ya mayar da abin da ya ɗiba. Ni kuwa na zauna ina jiran a jefa ni hamada.

Cindo ya zo yana murmushi. Ya ce, "Malam Tunau, ashe kai ɗan kasuwa ne ban sani ba."

Kafin jirgi na gaba ya iso, ya sa an buɗe tsohuwar mahaƙar gishiri, an jera kantu a ƙofar gari ana sayar wa baƙi. Labarin waliyyin da ya yi magana sau ɗaya ya bazu har bakin teku, jirage suka ninku. Ginshiƙai suka yi kauri, rufi ya tsaya da ƙafarsa. Sai dai kowane baƙo so yake kantunsa ya zauna kusa da waliyyi. Suka yi ta jerawa jikin ɗakunanmu, ana yayyafa ruwa yana kamawa, har ƙofata ta ɓace cikin bango, ta Malam Barmo ma ta ɓace. Tagoginmu suka tsuke, ƙwarya ce kawai ke iya wucewa. Tsohon da a da yake fita ya sha iska da yamma, bakina ya jawo aka rufe shi.

Na ce masa ta ramin, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Rufin bai faɗa wa yaran ba. Tashi, inuwa ta karkata."

Rashin iska ya kwantar da shi. Tarinsa ya ƙaru, kabbararsa ta koma raɗa. Wata azahar da muka sallame ya kira ni, ya ce, "Tunau, abu guda nake roƙo. Ka sa a kai ni ƙasa. Na gaji da idanu." Na yi masa alkawari ban san ta yaya zan cika ba. La'asar ta yi, bai ƙwanƙwasa bango ba.

Kuluwa ce ta leƙa ta tabbatar, ta je ta faɗa wa Cindo, ta dawo fuskarta a sauye. Ta ce, "Wai ba za a fitar da shi ba. Wai gishiri zai busar da shi a zaune, ba zai ruɓe ba, baƙi su riƙa zuwa ganin limamin da mutuwa ba ta taɓa ba."

Na ce, "Mutanen gari fa, Inna?"

Ta ce, "Kowa ya sunkuyar da kai. Tsoron yunwa ya fi ƙarfinsu."

Na ce ta kawo mini ruwa, iya abin da za ta iya ɗauka, da farin zane in tana da shi. Ta yi ta jigila tana miƙo mini ƙwarya bayan ƙwarya, ni kuma ina kwarara wa ramin, ina yaƙushi da farce, gishiri na cin raunukan hannuna. Kafin rana ta faɗi ramin ya isa in kutsa. Ranar na fara ganin fuskar malamina. Ɗan ƙaramin tsoho ne, bai fi yaro nauyi ba. Na yi masa wanka da ragowar ruwan, na naɗe shi da zanen Kuluwa, na zauna kusa da shi.

Da safe baƙi suka cika farfajiya, mutanen gari na tsakaninsu da tallace-tallacensu. Na sa bakina a tagar Malam Barmo, na tara duk ƙarfin da ya rage mini na ce, "Jama'ar Takarzam, limaminku ya rasu. An yi masa wanka, an sa masa likkafani. Shi ya raɗa wa 'ya'yanku suna, shi ya sallaci iyayenku. Ku zo ku ɗauke shi."

Babu wanda ya motsa. Cindo ya fito gaba ya ce, "Ko mun so, ba hanya. Bangon ya yi kauri, in aka sa diga rufin zai taho."

Sai Kuluwa ta ratso taron da tulu a ka. Ta tsaya daidai inda ƙofar take a da, ta tuntsurar da tulun jikin bango. A garin nan ba a zubar da ruwa ko da na wankin hannu ne, don haka kowa ya ja numfashi. Ta juya ta nufi rijiya. Wata mata ta biyo ta da nata tulun, sannan wata, sannan maza suka shiga gidaje suna fitowa da salkuna da butoci. Cikin baƙin akwai wata dattijuwa da ta kife madubinta a ƙirji, ta kwance gorar ruwanta ta zuba. Sauran dai madubansu na sama. Bango ya yi ta zubar da hawaye, ya yi laushi, ya lotsa, haske ya faɗo cikin ɗakin.

Na fito da shi a hannuna. Ƙafafuna sun manta tafiya, sai da maza biyu suka riƙe ni. Muka sallace shi a farfajiya, muka ɗauki makara zuwa maƙabarta bayan gari, kuma 'yan'uwan Kuluwa suka tsaya a ƙofar gari suka hana kowane madubi wucewa.

Da aka gama rufe shi, Cindo ya matso kusa da ni. Ba murmushi a fuskarsa. Ya ce, "Ba zan iya mai da kai ba, sun tsaya maka. Amma jirgi na zuwa. In suka tarar da ɗakunan nan fayau, za su juya su tafi Asalik. Kai mai karatu ne, gaya mini abin da zan ba yaran garin nan su ci."

Na dube shi, na dubi yaran da suka biyo gawa, na ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe." Kuma gaskiya na faɗa.

Na zauna gidan 'yan'uwan Kuluwa har na sami ƙarfi, aka kuma sami masu raƙuma da za su yi arewa. Cindo ya bi gida gida yana neman wanda zai shiga ɗakin halwa, kowa ya ƙi. Ranar tafiyata Kuluwa ta rataya mini salka cike da ruwa, ta ce in riƙa tunawa da ita a addu'a. Hanyarmu ta bi ta gefen masallaci. An gyara bangon, an bar 'yar taga. Ina wucewa na ji an kira sunana ƙasa-ƙasa.

Na leƙa. Cindo ne a ciki, ya tuɓe rigar nan mai aiki, ya yafa tsumma, ya shafa toka a gemu, carbi a hannunsa yana riƙe da shi kamar wanda aka ba maciji.

Ya ce, "Malam Tunau, da tsakar rana, in kowa ya watse, me mutum yake yi a nan?"

Na ce, "Ka riƙa duban inuwar da ke faɗowa ta taga. In ta karkata, ka tashi ka yi azahar."

Ya buɗe baki zai ƙara tambaya, sai muka ji hayaniyar baƙi sun shigo farfajiya, tafinta na gabansu. Ya rufe bakinsa, ya sunkuyar da kai, ya fara jan carbi. Na ja baya na ba su wuri, na bi raƙuma.

Iyakar abin da idona ya gani a Takarzam ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. Allah ya jiƙan Malam Barmo, ya sassauta wa wanda na bari a ɗakin.